William Kouwenhoven: Ɗan Kwalejin Fasaha da Ya Ceto Masu Bugun Zuciya

An haifi William Bennett Kouwenhoven ranar 13 ga Janairu, 1886, a Brooklyn da ke birnin New York na ƙasar Amurka. Kamar mu, shi ma kwalejin kimiyya da fasaha ya shiga, wato ta garin nasu Brooklyn, inda ya gama karatun injiniyan lantarki a 1906. Daga baya ya wuce Karlsruhe a Jamus, ya samu digirin digirgir a 1913. A 1914 ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Bai taɓa karatun likita ba. To me ya kai shi asibiti?

A shekarun 1920, ma'aikatan kamfanonin lantarki masu hawa falwaya suna ta mutuwa. Wuta za ta ja mutum, wani lokacin ko ƙuna babu a jikinsa, amma ya faɗi shi ke nan. Abin ya dami kamfanin Consolidated Edison na New York, ya ba da kuɗi a yi bincike. Kouwenhoven ya shiga aikin tare da wasu likitoci biyu, Donald Hooker da Orthello Langworthy. Sun lura cewa wuta ba sai ta yi yawa take kisa ba. 'Yar kaɗan ma tana rikita zuciya, maimakon ta riƙa bugawa tana tura jini, sai ta kama makyarkyata kawai. A 1933 suka nuna a jikin karnuka cewa in aka sake ba zuciyar wuta mai ƙarfi, tana iya dawowa hayyacinta. Dafin ya zama magani ke nan.

Wannan makyarkyatar ita ce ke kashe da yawa daga masu bugun zuciya. Idan jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, sa'o'in farko su ne mafi haɗari, domin zuciyar na iya rikicewa farat ɗaya. In jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci ta fara lalacewa. A wancan zamani kuwa, kwantar da majinyaci kawai ake yi na tsawon makonni, sau tari a ɗakin da ke nesa da ma'aikatan jinya, wai don kada a dame shi. Sai an leƙo a tarar rai ya yi halinsa. Kusan uku cikin goma na waɗanda aka kwantar a asibiti ba sa fita da rai.

A 1947 wani likitan tiyata, Claude Beck, ya farfaɗo da yaro ɗan shekara 14 da wuta a birnin Cleveland, amma ƙirjin yaron a buɗe yake. Wa zai tsaga ƙirjin mutum a kan gadon jinya, balle a gindin falwaya? Wannan ya sa Kouwenhoven, wanda ya shugabanci tsangayar injiniya tun 1938, bai koma gida ya huta ba da ya yi ritaya a 1954. Ya ci gaba da ƙera na'urar da za ta aika wuta zuwa zuciya ta saman ƙirji, aka kuma yi amfani da ita a kan majinyaci a asibitin Johns Hopkins a 1957. Likita Paul Zoll na Boston shi ma ya cimma irin wannan a 1956.

Sauran matsala ɗaya. Na'urar nauyi gare ta, kafin a turo ta mutum ya riga ya tafi. A 1958 wani matashin injiniya da ke aiki ƙarƙashinsa, Guy Knickerbocker, ya lura cewa duk sanda ya danna faifan na'urar a ƙirjin kare, awon jininsa na ɗagawa. Ashe dannawar kanta tana tura jini! Suka haɗu da likita James Jude suka gwada a kan mutane. A Yulin 1960 suka wallafa sakamakon majinyata 20, inda 14 suka rayu. A lokacin Kouwenhoven na da shekara 74. Da aka haɗa danna ƙirji da hura numfashi baki da baki, wanda Peter Safar ya yi aiki a kansa a garin na Baltimore, sai aka samu hanyar farfaɗowa da duniya ke koyarwa har yau: dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, a tsakiyar ƙirji.

Daga nan tsarin asibiti ya juya. Tunda an samu abin yi, sai a tara masu bugun zuciya wuri guda, kusa da na'ura da kuma wanda ya iya ta. Desmond Julian ya kawo wannan shawara a Birtaniya a 1961, Hughes Day ya buɗe irin wannan sashe a jihar Kansas a 1962. Aka jona majinyata da na'urar da ke nuna bugun zuciya dare da rana, aka horar da ma'aikatan jinya su ba da wutar da kansu ba sai sun jira likita ba. Mace-mace a asibiti suka ragu da kusan rabi.

A 1969 Jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa na likita, a 1973 kuma ya karɓi lambar yabo ta Lasker. Ya rasu a Baltimore ranar 10 ga Nuwamba, 1975, yana da shekara 89.

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen lantarki, wannan na'ura ba ta da amfani in batirinta ya mutu, ko waya ta tsinke, ko ba wanda ya duba ta wata shida. Mintocin da majinyaci ke da su ba sa jiran a nemo mai gyara. Wanda zai tabbatar tana aiki kafin ranar buƙata, yawanci irinmu ne masu difloma.