Dakta Daniel Adams: Likitan da ya jagoranci tsayar da adadin ƴan wasan besbol a kan 9

A filayen unguwannin Magaria ko Dungass, yara ba sa jiran sai sun cika 11 kafin su fara taka leda. In mutum 6 ne suka zo, sai a raba 3 da 3, a ajiye takalma a matsayin raga. Haka besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki da Amurkawa ke alfahari da shi, ya taso, kafin wani likita mai suna Daniel Lucius Adams ya taimaka aka yi masa tsayayyar doka.

An haifi Adams ranar 1 ga Nuwamba 1814 a garin Mont Vernon na jihar New Hampshire. Mahaifinsa likita ne kuma marubucin littattafan lissafi. Ya kammala jami'ar Yale a 1835, ya samu digirin likita a Harvard a 1838, sannan ya koma birnin Niyok a 1839 ya kama aiki. A 1845 ya shiga kulob ɗin Knickerbocker, jim kaɗan bayan kafa shi.

A zamanin babu ƙayyadadden adadin ƴan wasa. Yara suna da wani salo da suke kira Old Cat, wato tsohuwar kyanwa, wanda ake faɗaɗa shi gwargwadon waɗanda suka halarta. Mutum 3 sun isa a fara: mai jifa, mai duka da mai cafkewa. Mai duka zai maka wa ƙwallo kulki, ya ruga zuwa zango ɗaya ya dawo kafin a fitar da shi. In sun kai 4, sai a yi masu duka 2 da zango 2. In sun kai 6 zango ya zama 3, in 8 ne ya zama 4.

Wannan salo ne ya riƙe kulob ɗin su Adams a shekarun farko. Ƴan kulob ɗin ma'aikata ne da ƴan kasuwa, kuma sai sun tsallaka kogin Hudson a jirgin fito kafin su isa filinsu na Elysian Fields da ke Hoboken. Sau da yawa Adams kan isa ya tarar da mutum 2 ko 3 kacal, sai su yi wasan yaran nan don kada ranar ta tafi a banza. Shi ke bin mambobi yana lallashinsu su fito, kuma shi da hannunsa yake ɗinka ƙwallayen. Sau 6 ana zaɓensa shugaban kulob ɗin tsakanin 1847 da 1861.

Ƙwallayen lokacin ba su da nauyi, ba sa nisa in an jefa. Don haka wajen 1850 Adams ya fara tsayawa tsakanin masu tsaron bayan fili da na ciki, yana karɓar jifa yana miƙawa gaba. Daga nan aka samu matsayin da ake kira shortstop, wanda har yau yake cikin mafi muhimmanci a wasan.

Taƙaddama kan adadi ta fito fili a 1856. Adams da Louis Wadsworth sun nemi a riƙa gayyato baƙi su cike gurbi in mambobin da suka zo ba su kai 18 ba, don kowane ɓangare ya samu 9. Duncan Curry da magoya bayansa suka ce mutum 14 sun wadatar, wato 7 da 7, kuma su suka yi rinjaye a cikin kulob ɗin.

Lamarin ya sauya a 1857, lokacin da kulob-kulob na yankin Niyok suka yi babban taro ƙarƙashin shugabancin Adams. A nan aka daina tsarin wanda ya riga kaiwa maki 21 ya ci, aka mayar da wasa turmi 9 bisa shawarar Wadsworth. Aka tsayar da mutum 9 a kowane ɓangare, da tazarar ƙafa 90, kimanin mita 27, tsakanin zango da zango. Kamar yadda kowace jiha ke tura ƴan kokawa 10 gasar takobi a Nijar, tsayar da adadi ne ya ba ƙungiyoyin da ba su san juna ba damar karawa ba tare da gardama ba.

Adams ya yi aure a 1861, ya bar kulob ɗin a 1862, ya koma Ridgefield a jihar Connecticut a 1865. Ya yi ɗan majalisar jihar a 1870, ya kuma shugabanci wani bankin ajiya na garin. Ya rasu a New Haven ranar 3 ga Janairu 1899 yana da shekara 84.

Bayan rasuwarsa sai sunansa ya dusashe. Wani kwamiti ya jingina ƙirƙiro wasan ga Janar Abner Doubleday, labarin da masana tarihi suka ƙaryata, yayin da gidan tarihin gwarazan besbol da ke Cooperstown ya danganta dokokin mutum 9, turmi 9 da ƙafa 90 ga Alexander Cartwright. A 2015 Adams ya samu ƙuri'a 10 cikin 12 da ake buƙata don shiga gidan. A watan Afrilun 2016 kuma aka yi gwanjon daftarin dokokin 1857, ciki har da wanda ya rubuta da hannunsa, kan dala miliyan 3.26, lamarin da ya sake fito da rawar da ya taka.