Nathanael Herreshoff, maƙerin jirgin da aka hana tsere saboda gudunsa

A wannan mako mun kawo muku tarihin Nathanael Herreshoff, maƙerin jiragen ruwa ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a garin Bristol na jihar Rhode Island a 1848, ya yi karatun injiniya a makarantar MIT.

Abin da ya dame shi shi ne yadda ruwa ke riƙe jirgi. Jirgi mai faɗi yana ture ruwa da yawa, yana tada igiyar ruwa, ƙarfinsa ya ƙare a nan. Siriri kuwa yana tsaga ruwa cikin sauƙi, amma da iska ta bugi filafilansa sai ya nemi kifewa. Shi ya sa ake saka masa nauyi a ƙasa, nauyin kuma ya rage masa gudu.

Sai Herreshoff ya haɗa sirara biyu gefe da gefe, kamar mangala a bayan jaki, kowane na tallafar ɗan'uwansa. Mutanen tsibiran tekun Pasifik sun daɗe da sanin wannan dabara. Amma tana da sharaɗi: in an matse su kusa da juna, igiyoyin ruwansu kan haɗu a tsakiya su ƙara riƙe jirgin.

A 1876 ya shiga tsere a New York da irin wannan jirgi mai suna Amaryllis, ya wuce jiragen da suka fi nasa girma. Abokan gasa suka kai ƙara, aka hana jirage masu gangar jiki biyu shiga irin wannan tsere.

Bai yi zuciya ya bar sana'a ba. A 1878 suka kafa kamfani da wansa John, wanda ya makance tun yana saurayi. John ke riƙe da ciniki da lissafi, Nathanael ke zane da ƙira. Jiragensa masu gangar jiki ɗaya sun ci Kofin Amurka, babbar gasar tseren jirage, har sau 6 tsakanin 1893 da 1920.

Ya rasu a 1938 yana da shekara 90. A 1988, shekara 50 bayan rasuwarsa, jirgi mai gangar jiki biyu ya ci wannan kofi a San Diego.