Abebe Bikila, gwarzon da ya ci tsere ba takalmi

An haifi Abebe Bikila a 1932 a ƙauyen Jato na ƙasar Habasha. Ɗan makiyayi ne, daga baya ya shiga cikin askarawan da ke tsaron Sarki Haile Selassie.

A wasannin Olimpik na birnin Rom, a 1960, sabon takalmin da ya samu ya yi masa bororo. Sai ya ajiye shi, ya yi gudun kilomita 42 da ƙafa tsura, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ɗauki lambar zinare. A Tokyo, a 1964, ya sake lashe tseren sanye da takalmin Puma, har ya rage minti 3.

Hatsarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969, ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

Mu nan Mai Yara, ƙarangiya ba za ta bar mu gudu ƙafa tsura ba. Saboda haka matasanmu masu gudu, ku gwada takalmi da marece, ku bar faɗin babban yatsa a gaba, mai faffaɗar ƙafa kuma ya guji tsukakke.