Mamman Shata: Kalangu a zamanin lasifika

Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yunin 1999, yana cikin mawaƙan Hausa da na'urorin zamani suka kai muryarsu nesa, ba tare da sun raba su da kiɗan gargajiya ba.

An haife shi a garin Musawa na jihar Katsina ta yanzu a shekarar 1923. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, saboda a wancan zamani ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo.

Da tallar goro da alewa ya fara. Daga bisani ya koma Bakori, a yankin manoman auduga da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, sannan ya zauna a Funtua.

A dandali da wuraren biki ya goge, a lokacin da mawaƙi ba shi da abin dogaro sai ƙarfin maƙogwaronsa.

Kalangu shi ne ginshiƙin waƙarsa. Makaɗi kan rataya shi a hammata, yana matsa tsarkiyarsa yana sassautawa, sautin na hawa da sauka tamkar maganar Bahaushe.

Da makirufo da lasifika suka shigo fagen wasa, sai muryar Shata ta riƙa fitowa sarai a saman kiɗa da amshi, komai yawan taro. Na'ura ta ƙara masa amo, amma bai ba ta gurbin makaɗansa ba.

Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai waƙoƙinsa irin su Bakandamiya har Nijar da Ghana da Kamaru.

Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake ƙaga ta a gaban jama'a. Saboda haka duk wasan da ba a naɗa ba, ya tafi ke nan.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. An binne shi a Daura.

Bayan rasuwarsa, waƙoƙin fiyano da kwamfuta da ake haɗawa a situdiyo sun mamaye kasuwa. Sai dai har yanzu ana sauraren kalangun Shata a rediyo da wayoyin salula.