Imam Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi: Malamin da Ya Auna Waƙa da Kunne

Ƴan uwa matasa, kowa ya san yadda baiti ɗaya na Burda ke sa jiki ya yi sanyi tun kafin a fassara shi. Wannan aikin kari ne, kuma wanda ya fara gano ma'auninsa shi ne Imam Halilu.

An haife shi a shekara ta 100 bayan Hijira, asalinsa mutumin Oman ne, amma a Basra ta ƙasar Iraki ya yi karatu ya karantar. Shi ne malamin Sibawaihi, gwanin nahawu. Duk da tarin iliminsa, a bukka ya zauna, yana gudun kyautar masu mulki.

Larabawa sun daɗe suna waƙa da kunne kawai, ba ƙa'ida a rubuce. An ruwaito cewa wata rana ya ratsa kasuwar maƙeran tagulla, sai ya lura bugun gudumominsu yana da tsari, wani gajere wani dogo. Daga nan ya riƙa yanka baitoci harafi harafi, mai wasali da mai ɗauri, har ya fito da karuruwa 15 cikin da'irori 5. Daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Wannan fanni shi ake kira aruli.

To, mene ne amfaninsa? Kowane kari da irin tafiyarsa a zuciya. Ɗawil dogon numfashi gare shi, yana ɗaukar zance mai nauyi. Basiɗ, wanda Busiri ya ɗora Burda a kai, yana tafiya a natse. Rajaz kuwa sauri gare shi, ga sauƙin hadda, shi ya sa Ibn Malik ya zuba nahawu cikinsa a Alfiyya. Malamanmu ma da suka rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami sun ari waɗannan karuruwa, don sun san abin da kunne ya so ba ya saurin fita daga rai.

Ko ƙamusunsa, Kitabul Aini, bisa mafitar sauti ya jera shi, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa.

Ya rasu a Basra wajen shekara ta 170. Ku tuna, kari mai daɗi yakan shigar da magana zuciya, ta kirki ce ko ta banza, ba tare da sallama ba. Sai mu riƙa tace abin da muke saurare a wayoyinmu. Allah Ya jiƙan Imam Halilu da rahama, amin.