Ibnu Nafis, Malamin da Ya Gano Hanyar Jini Daga Zuciya Zuwa Huhu

Na san 'yan ajinmu ba su manta ranar da malaminmu na bayoloji ya shigo ɗakin gwaje-gwaje da zuciyar rago a kwano ba. Da sassafe ya sayo ta wurin mahauta. Ya tsaga ta da reza, ya ce kowa ya zo ya taɓa bangon naman da ya raba ɗakin dama da na hagu. Muka taɓa, muka ji shi da kauri, babu ko 'yar kafa. Daga nan ya rubuta sunan William Harvey da shekarar 1628 a allo, muka haddace saboda jarrabawa. Sai da na fara furfura na san cewa wani malami ya riga ya bayyana abin da yatsunmu suka taɓa, kusan shekara 400 kafin Harvey. Tarihinsa nake so in ba ku.

Sunansa Ala'uddin Aliyu, amma an fi saninsa da Ibnu Nafis. An haife shi wajen shekarar 1213 a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri da ke birnin, a hannun babban likitan nan Dakhwar, ya kuma yi zurfi a fiƙihun mazhabar Shafi'i. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya koma Alƙahira ta Masar, inda ya zauna yana duba marasa lafiya yana karantarwa har ƙarshen rayuwarsa.

A zamaninsa maganar Jalinusu, likitan Girka da ya mutu shekara dubu kafin nan, ita ce yankan wuƙa. Jalinusu ya koyar da cewa jini yana ratsa wancan bango ta wasu ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ya tsallaka daga dama zuwa hagu. Ibnu Sina ma a kan haka ya tafi cikin littafinsa Alƙanun. Wajen 1242, Ibnu Nafis bai cika shekara 30 ba, ya rubuta sharhi a kan babukan Alƙanun da suka shafi ƙirar jiki, ya ce sam, bangon nan a toshe yake. Ya bayyana cewa jini yana fita daga ɗakin dama ta wata babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a ciki ya gauraya da iska, sannan ya komo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya yi hasashen akwai ƙananan mashigai tsakanin jijiyoyin biyu a cikin huhu, abin da sai a 1661 Malpighi na Italiya ya gani da madubin ƙara girma. Ya kuma gyara wa Ibnu Sina a wuri biyu: ɗakunan ƙasan zuciya biyu ne, ba uku ba, kuma naman zuciya yana samun abincinsa ne daga jijiyoyin da ke ratsa jikinsa.

Yau mun san dalilin wannan tafiya. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar iskar oksijin a huhu, shi ya sa jinin ke zuwa da duhu-duhu ya dawo ja wur. Gaskiya ita ce Ibnu Nafis bai gano zagayen jini cikin jiki baki ɗaya ba. Wannan aikin Harvey ne, kuma malaminmu bai yi kuskure ba. Amma zangon farko na hanyar, shi ya fara zana shi.

Mutum ne mai yawan rubutu. Ya ɗaura niyyar kundin likitanci mai suna Asshamil a mujalladi 300, ya kammala 80. Bai yi aure ba. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina, ya rasu a Alƙahira a watan Disamba na 1288. An ruwaito cewa a ciwon ajalinsa an ba shi shawarar ya sha giya don magani, ya ƙi, domin ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa.

Bayan rasuwarsa wannan bayani ya shige duhu, har 1924 lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin karatu na Berlin, ya gina rubutun digirinsa a kansa a Jamus.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ya girmama magabatansa har ya yi wa littafinsu sharhi, amma girmamawar ba ta hana shi faɗin inda suka kuskure ba. Ashe abin da malaminmu yake nufi ke nan da ya ce kowa ya taɓa da hannunsa. Ina roƙon malamanmu da ke aji yanzu, idan sun rubuta sunan Harvey a allo, su rubuta na Ibnu Nafis kusa da shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.