IBNUL BAIƊAR, MALAMIN DA YA BI DIDDIGIN ITATUWAN MAGANI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, filin wannan mako ya ƙunshi tarihin wani malami na ƙarni na 7 na Hijira, wanda ya ƙarar da rayuwarsa cikin binciken itatuwa da saiwoyi da ganyayen magani. Shi ne Abu Muhammad Abdullahi ɗan Ahmad, wanda aka fi sani da Ibnul Baiɗar. Masana tsirrai suna da yawa a zamaninsa, amma ya yi musu zarra da hali guda, watau ba ya karɓar magana a kan magani, ko ta wane ce, sai ya bi diddiginta.

An haife shi a yankin Malaƙa, wani birni na bakin teku a kudancin Andalus, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Sifen, wajen ƙarshen ƙarni na 12 na Miladiyya. Kalmar baiɗar a Larabci tana nufin likitan dabbobi, ita ce kuwa sana'ar mahaifinsa. Da ya tasa sai ya tafi birnin Ishbiliya neman ilmi, ya zauna gaban Abul Abbas Annabati, babban masanin tsirrai na Andalus. Shi wannan malami, ban da sanin tsirrai, masanin Hadisi ne da maruwaitansa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne almajirinsa ya tashi da tarbiyyar ma'abota Hadisi, wadda ba ta barin magana ta wuce sai an san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi. Karatunsu bai tsaya a zaure ba. Malam da almajiri kan fita bayan gari, su tsinko tsiro, su dubi ganyensa da furensa da saiwarsa, sa'an nan su gwada shi da abin da littafi ya faɗa.

Akwai wata babbar matsala da ta daɗe tana damun likitoci a wancan zamani. Uwar littattafan wannan fanni shi ne littafin wani Bayunane mai suna Diyuskuridis, wanda ya rayu a ƙarni na 1 na Miladiyya. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Mutawakkil, amma sunayen tsirrai da yawa sun gagari masu fassara, suka bar su da Yunananci. Har wa yau, tsiro guda ya kan sami suna daban a Masar, daban a Sham, daban a bakin Barbarawa, kuma suna guda ya kan faɗa kan tsirrai biyu, ɗaya magani ɗaya guba. Masu kwafar littattafai su ma sun ƙara dagula al'amarin, domin a rubutun Larabci ɗigo guda ya kan mai da wata kalma wata. Kuskuren mai alƙalami a nan, majinyaci ne ke biyansa da ransa.

Wannan ya sa Ibnul Baiɗar ya ga ba makawa sai ya je ya ga kowane tsiro a inda ya ke fitowa. Wajen shekarar 1220 ya bar Andalus ya ƙetare teku zuwa Magrib. Ya bi gaɓar teku ta Bijaya da Tunis da Ɗarabulus da Barƙa, ya shiga ƙasar Rum, watau Turkiyya ta yau, ya kuma zaga ƙasar Sham. Duk inda ya sauka ya kan tattara tsirran wurin, ya rubuta sunan da mutanen ƙasar ke kiransu da shi da kuma cutar da su ke sha dominta.

Labarinsa ya kai kunnen Sarkin Masar Alkamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddinil Ayyubi, wanda ya yi mulki daga 1218 zuwa 1238. Sarki ya jawo shi jiki, ya naɗa shi shugaban masu sanin tsirran magani na ƙasar Masar, ya kuma dogara da shi a kan abin da ya shafi magunguna. Bayan rasuwar Alkamil ya ci gaba da hidima a wurin ɗansa, Sarki Assalih Najmuddini Ayyub. Rayuwarsa ta ƙarshe ta rabu tsakanin Alƙahira da Dimashƙa.

A Dimashƙa ne ya sadu da almajirinsa Ibnu Abi Usaibi'a a shekarar 633 ta Hijira, wanda daga baya ya rubuta tarihin likitoci mai suna Uyunul Anba'i, inda aka sami mafi yawan labarin malamin. Almajirin ya ba da labarin yadda su kan fita bayan Dimashƙa tare su dubi tsirrai a inda su ka tsira, da yadda malamin kan ajiye littattafan magabata a gabansa yana karantarwa, ya ambaci abin da kowane ya faɗa a kan tsiro guda, ya nuna inda suka saɓa da inda wani ya yi kuskure. Ya kuma yaba kyawun halinsa da daɗin zama da shi.

Babban littafinsa shi ne Aljami'u li Mufradatil Adwiyati wal Agziya, wanda ya wallafa domin Sarki Assalih. Ya tara a ciki wajen magunguna da abinci 1,400 na tsirrai da dabbobi da ma'adinai, ya jera su bisa tsarin haruffa domin sauƙin dubawa. Mai karatu Bahaushe zai tarar da abubuwan da ya sani a ciki, kamar tafarnuwa da lalle da hulba da tsamiya da filasko da habbatussauda da bagaruwa. A gabatarwar littafin ya shimfiɗa sharuɗɗan da ya ɗora wa kansa. Zai jingina kowace magana ga mai ita. Abin da gani da ido da jarrabawa suka tabbatar masa zai riƙe shi, abin da ya saɓa wa haka kuwa zai yar da shi, ko da wani babba ne ya faɗa. Zai yi gargaɗi a kan duk maganin da magabata ko na baya suka rikita. Zai kuma kawo sunan tsiro a harsuna daban-daban, ya bayyana wasulansa da ɗige-ɗigensa domin kada mai kwafa ya ɓata. Yana da wani littafin mai suna Almugni, wanda ya tsara bisa cututtukan gaɓoɓin jiki domin amfanin likita, da sharhi a kan littafin Diyuskuridis, da wani kuma da ya keɓe domin gyaran kurakuran littafin Minhaj na Ibnu Jazla.

Allah ya karɓi ransa a Dimashƙa cikin watan Sha'aban na shekarar 646 ta Hijira, daidai da 1248, shekarar da Ishbiliya, inda ya yi karatu, ta fita daga hannun Musulmi. Littafinsa ya wanzu bayansa. An buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar cikin juzu'i 4 a shekarar 1291 ta Hijira, an kuma fassara shi zuwa Jamusanci da Faransanci a ƙarni na 19.

Lalle ne a faɗi gaskiya, Ibnul Baiɗar bai san ƙwayoyin cuta ba, domin ba a gan su da madubin ƙara girma ba sai bayansa da fiye da shekara 400. Cikin littafinsa akwai abin da binciken zamani ya gaskata, akwai kuma wanda bai gaskata ba. Amma hanyarsa tana nan da ranta. Mai bincike a yau, kafin kome, sai ya tabbatar da ainihin tsiron da sunansa na ilmi. Sa'an nan ya tatso sinadarinsa, ya ɗiga a faifan da aka rena ƙwayoyin cuta, ya duba ko ya hana su yaɗuwa, da kuma mafi ƙarancin adadin da ke yin haka. Bayan wannan sai gwajin guba, sa'an nan gwaji a jikin mutane, domin ba duk abin da ya kashe ƙwayar cuta a faifai ne ke warkar da majinyaci ba.

Ta irin wannan hanya aka fitar da kwinin daga ɓawon wata itaciya a 1820, aka kuma gano sinadarin tafarnuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta a 1944. Haka kuma wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta koma ga wani tsohon littafin magani na ƙasarsu, ta ga an ce a jiƙa wani ganye a matse ruwansa, ba a ce a dafa ba. Daga nan ta gane zafi ne ke lalata shi, ita da abokan aikinta suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Bukatar irin wannan bincike kuwa ta ƙaru, domin ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin magungunan asibiti, har an ƙiyasta hakan ya kashe mutum miliyan 1.27 a duniya cikin shekarar 2019 kaɗai.

To, a nan akwai wa'azi ga mai sayar da magani da mai saye. Wanda ya ɗauki kwalba guda ya ce tana maganin cuta goma, bai san adadin da za a sha ba, bai jarraba ba, sa'an nan ya fake da sunan addini domin kasuwarsa ta yi armashi, ya sani ran ɗan Adam amana ce, za a kuwa tambaye shi a kanta. Mai ciwo kuma ya nemi masani ya auna shi, kada ya bar cuta ta ci jikinsa yana bin ji-ta-ji-ta. Ɗalibai masu karatun likita da haɗa magunguna su ma su san suna da magabaci a wannan fage.

Allah ya jiƙan Ibnul Baiɗar, ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa ilmi ya zama hujja ga ma'abotansa ranar gobe. Amin.